Romoke da Rami na Goma Sha Uku

Daga Litinin zuwa Juma'a kwana nawa ne? Kada ka yi sauri, ɗaga yatsu ka ƙirga. In ka ce biyar, kai mutumin Iya Agba ne. In ka ce huɗu, kai mutumin Ticha Oyewusi ne. Na yi wa mutum sittin da ɗaya wannan tambaya a nan Iseyin. Talatin da takwas suka ce biyar, ashirin da biyu suka ce huɗu, ɗaya ya ce shi ba ya fita aiki ran Juma'a, don haka a cire shi daga maganar. To, a tsakanin biyar ɗin nan da huɗun nan 'yar yayata Romoke ta kusa barin makaranta. Ta sha bulala, ta sha zuma, ta sha wani baƙin abu a cokali wanda har yau ba mu san sunansa ba.

Yanzu shekararta talatin da huɗu. 'Ya'ya uku, babur ɗaya, igiya mai tsawon mita ɗari, da buhun turaku. Sana'arta auna gonar kashu. Manomi ya gama sharar fili, kafin ya sayo dashe sai ya aika a kira ta. Ta zagaya sau ɗaya, ta ja igiya, ta buga turaku, ta ce masa, "Baba, ɗari da ashirin da ɗaya za ka sayo. Kada ka ƙara don tsoro, kada ka rage don rowa." Haka kuwa za a dasa, ba ramin da zai zauna wayam, ba dashen da zai yi saura. Injiniya suke ce mata, ko da yake makarantar aikin gona ta shekara biyu kawai ta yi bayan sakandare. Amma akwai lokacin da duk unguwarmu aka haɗu a kan cewa yarinyar nan ko ƙwai biyar ba za a ba ta ajiya ba.

Asalin abin daga ƙauye ne. Da aka yaye ta, kakarta ta wajen uba, wadda muke kira Iya Agba, ta zo ta goya ta ta tafi da ita, wai gidanta ya yi shiru. Iya Agba daddawa take yi, kuma duk rayuwarta a kan ranar kasuwa take juyawa. Kasuwar ƙauyen duk kwana biyar take ci. Ga yadda muke ƙirga shi: ranar kasuwa ɗaya, gobe biyu, jibi uku, gata huɗu, citta kasuwa ta dawo, biyar ke nan. Mai kalanda zai ce huɗu ne. Mai kalanda ya faɗi abin da yake so, ba wanda ya taɓa ɗaukar kaya ya je ya tarar ba kasuwa. Haka in an haihu ran Laraba, suna kwana takwas ne, wato wata Larabar, kuma ba a taɓa yanka rago a ranar da ba ita ba.

A cinyar Iya Agba Romoke ta koyi ƙirga. In ta fara daga gobe sai tsohuwa ta kama mata babban yatsa ta ce, "Ke, ina yau? Ba ki ci abinci yau ba? Ba ki sha ruwa ba? To me ta yi miki za ki tsallake ta?" Kafin ta kai shekara shida, ita ke cewa yau za a dafa kalwa, yau za a rufe ta, ran kaza za a buɗe. Matan ƙauye har tsayar da ita suke yi a bakin rijiya su tambaye ta kasuwa ta uku nan gaba yaushe za ta faɗo. Tana da shekara bakwai aka dawo da ita gari don makaranta, kanta a sama, tana ji a jikinta ita ce yarinyar da ta iya ƙirga.

Aji ɗaya su saba'in da uku ne a ɗaki guda, ba wanda ya lura da kowa. Aji biyu kowa ya wuce, har wani da iyayensa suka koma Oyo tun tsakiyar shekara. A aji uku ta faɗa hannun Ticha Oyewusi.

Ticha Oyewusi shekara goma sha bakwai ya yi yana koyar da lissafi, kuma ba ya gama magana uku bai tuna maka ba. Biro uku ne a aljihunsa na gaba, ja ne kawai ke ƙarewa. Bulalarsa suna gare ta, Likita, wai ita ke warkar da ciwon mantuwa. A ganinsa yara kashi biyu Allah ya yi su: waɗanda aka haifa da lissafi, su ne a bencin gaba, da waɗanda aka haifa don ɗebo ruwa, su ne a bencin baya kusa da tagar da ba ta da murfi. In ya ba ka sifili ba ya barin sa tsirara. Sai ya yi masa idanu da kunnuwa, in mace ce har da ɗankwali, ya ɗaga littafin sama aji ya tafa. Na ƙirga wa Romoke sifili talatin da ɗaya a shekararta ta farko a ajin, goma sha tara masu ɗankwali. Sauran ranar yana sauri ne.

Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne haddar sau. Ita wannan rera ta ake yi, ba ruwanta da yatsu, kuma Romoke ta iya ta tun daga biyu sau ɗaya har goma sha biyu sau goma sha biyu ba tuntuɓe. In zai yi mata abin, da cikakken sunanta yake kira.

"Moromoke, tashi. Bakwai sau takwas?"

"Hamsin da shida, Sa."

"Madalla. Tara a ɗebe huɗu?"

Sai ta ɓoye hannu a ƙarƙashin benci, leɓe na motsi. "Shida, Sa."

"Kun ji ko? Ta san babba, ba ta san ƙarami ba. Wannan ba daƙiƙanci ba ne, raini ne. Likita, ga majinyaciya."

Ta maimaita aji uku.

Babanta Raufu, wanda muke kira Baba Romoke, masaƙi ne, mutumin da zai jera zare ɗari huɗu bai ɓatar da ɗaya ba, don haka ya rantse ba daga gefensa abin ya fito ba. Yayata ta ce ita ma ba daga nata ba. Tunda ba daga kowa ba ne, aka yanke cewa hannun maƙiya ne. Aka fara da hana ta ruwan kwakwa, don kowa a unguwa ya san yana dakushe kan yaro. Aka je wurin Alfa, malamin unguwarmu, ya yi rubutu, ta sha kwana bakwai. Wata maƙwabciyarmu Kirista ta ce ba za a bar ta a baya ba, ta hau da ita dutse aka yi mata addu'a da man zaitun. Sai wani tsoho daga hanyar garin Saki ya kawo baƙin gari a ƙoƙo, a kwaɓa da zuma, a lasa da safe kafin a yi wa kowa magana. Zumar ta ƙare da wuri, saboda Baba Romoke ya ce dole ya riƙa ɗanɗanawa ya tabbatar ba ta lalace ba. Daga ƙarshe aka sa ta lesin na yamma, wurin Ticha Oyewusi ɗin dai, inda yake maimaita abin da ya faɗa da safe, amma da ƙarfi.

Magani biyar, wata goma sha huɗu. Makin da ta fi samu ashirin da biyu ne cikin ɗari, duk daga sau.

Da sakamakon zango na biyu ya zo a shekarar maimaicin, Baba Romoke ya ajiye ƙoshiyar saƙa ya kira ta. Ta zo ta durƙusa.

"Moromoke, na yi iya yina. Arba'in ake nema a wuce aji huɗu. In wannan karon ba ki kawo arba'in ba, ƙanwata ta Ibadan tana neman mai wanke kwano a shagonta na tuwon amala. Kwano ba ya tambayar tara a ɗebe huɗu."

Na ce, "Haba Baba Romoke, yarinya 'yar shekara goma?"

"Ke Sikira, kajinki sun ci? Je ki ƙirga su, kada ɗaya ta yi bulaguro ba ki sani ba."

"Ɗari da arba'in ne, na ƙirga da safe. Cokulan zumar ma na ƙirga, in kana so in faɗa."

Ya yi kamar bai ji ba. Amma maganar Ibadan ba wasa yake yi ba. Har akwatin ƙarfe ya ciro daga ƙarƙashin gado, ya sa aka goge, aka ajiye a tsakar gida inda za ta riƙa gani safe da yamma.

Ni lokacin ina ɗakin baya a gidan, ina kiwon kajina. Ran Asabar da hantsi na ɗauko littattafan lissafinta guda huɗu na baje a tabarma. Tambaya ɗari uku da goma sha biyu. Sittin da ɗaya ta yi daidai, duk na sau. Saura ɗari biyu da hamsin da ɗaya. Kowa jan biro yake kallo ya rufe littafin. Ni na ce bari in dubi kuskuren da kansa, nawa ya ƙaru, nawa ya ragu. Tamanin da bakwai a ɗebe talatin da huɗu, ta rubuta sittin da huɗu maimakon hamsin da uku. In ka kalle shi a dunƙule kamar shirme. Amma bi shi gida-gida: bakwai a ɗebe huɗu ta ce huɗu, takwas a ɗebe uku ta ce shida. Ɗaya ya ƙaru nan, ɗaya ya ƙaru can. A tarawa kuwa, ɗaya ne ke ɓacewa a kowane gida. Na bi su duka har rana ta take, ba guda da ya kauce. Na ce a raina, daƙiƙai na sani da yawa, wasu ma 'yan uwana ne, ban taɓa ganin wanda ya yi kuskure iri ɗaya sau ɗari biyu da hamsin da ɗaya ba.

Na kira ta. "Yi mini tara a ɗebe huɗu. Da ƙarfi, hannu a sama."

Ta daɗe kafin ta fito da hannun, don a aji in aka ga yatsa Likita ke amsawa. Ta kama babban yatsa ta ce, "Huɗu." Sannan biyar, shida, bakwai, takwas, tara. Yatsu shida.

"Kada ki ƙirga huɗun," na ce.

"Don me, Anti? Ba lamba ba ce?"

"Lamba ce, amma a kanta kike tsaye. Daga biyar za ki fara."

"Iya Agba ta ce ba a tsallake inda ake."

Ni kuwa ina cikin zumuɗin na gano abin da ya gagari mutum biyar, sai na ce, "Iya Agba ba ta yi makaranta ba."

Wannan shi ne magani na shida, kuma ya fi sauran illa. Ba ta yi kuka ba. Ta kalli yatsunta kamar na aro ne, ta mayar da su cinya. Abu ɗaya ta san ta iya a duniya, ni kuma na ce mata shi ne ciwon. Daga ranar ta daina rubuta amsa gaba ɗaya. Ta kwafe tambaya tsaf, ta ja layi biyu, ta bar ƙasa fari. Ko ranar kasuwa ka tambaye ta sai ta ce ba ta sani ba.

Na zura takalmi na tafi wurin Ticha da littattafan. Taku dubu ɗaya da ɗari biyu da tara ne daga ƙofarmu zuwa ƙofar makarantar.

"Sa, ka duba, da ɗaya kawai take kuskurewa."

"Madam mai kaji, a lissafi kuskuren ɗaya da na dubu duk sifili ne."

"Ai in ka kalli yadda take ƙirgawa..."

"Shekara goma sha bakwai ina wannan aiki. Na taɓa zuwa na koya miki yadda kaza ke yin ƙwai?"

Na dawo. Taku dubu ɗaya da ɗari da wani abu, don a fusace nake.

Saura mako biyar jarrabawa sai hedimasta ya shirya ranar dashen itace. Dalili kuwa, Cif Ladokun, shugaban ƙungiyar iyaye, ya yi wa azuzuwa biyu rufin kwano, ana so a karrama shi ko zai tuna akwai wasu huɗu da ke yoyo. Za a jera darbejiya a gaban makaranta, daga bakin ƙofa har kusurwar titi, mita sittin, duk mita biyar itace ɗaya. Manyan baƙi su dasa ɗaya-ɗaya, Cif ya dasa na ƙarshe a kusurwa, inda duk mai wucewa a mota zai gani. Lissafin dashen aka ba Ticha Oyewusi. A kan allo ya yi shi gaban aji, don a koyi darasi: sittin a raba biyar, goma sha biyu. Ya ja layi biyu a ƙasa. Aka aika gandun dashe aka kawo goma sha biyu daidai.

An raba aiki bisa cancanta. 'Yan bencin gaba suna koyon jawabi da fareti. 'Yan bencin baya aka ba su fartanya da igiya mai ƙulli duk mita biyar, aka ce duk inda ƙulli ya faɗa a haƙa, daga ƙofa har kusurwa. Romoke ce riƙe da bakin igiyar. Da suka gama ta tsaya ta ƙirga ramukan. Ta sake. Ta zagayo daga ɗaya gefen ta kuma sakewa. Sannan ta je ta durƙusa gaban Ticha, yana zaune a inuwa yana gyara jawabin maraba.

"Sa, ramukan goma sha uku ne."

"Wa ya ƙirga?"

"Ni, Sa."

Ko kai bai ɗaga ba. "To goma sha biyu ne ke nan. Je ki ɗebo ruwa."

Da la'asar na gan ta a bayan ɗakin kaji tana tono wani ɗan kashu da ya tsiro da kansa, mai ganye shida, tana sa shi a gwangwanin madara. Na tambaya, ta ce ba komai. Daga baya ta gaya mini ba don ta yarda da kanta ta yi ba, tsoro ne. Ta san in rami ya rage wayam, wanda ya haƙa za a nema, ba wanda ya rubuta a allo ba.

Ranar biki an jera kujeru tamanin da huɗu wa mutum ɗari da talatin. Jawabi bakwai, masu kalangu uku. Dashen yana cikin baro an rufe da buhu saboda rana, maigadin makaranta na zaro ɗaya-ɗaya. Aka fara daga ƙofa. Duk ramin da aka iso sai mai gabatarwa ya kira wani babban mutum, kuma a garinmu manyan mutane ba sa ƙarewa: hedimasta, Alfa, fasto, shugabar 'yan kasuwa, wani da ba wanda ya san shi amma rigarsa ta isa. Ba mai ƙirgawa, tunda allo ya riga ya ƙirga. Ni dai da na ji na kai goma sha biyu sai na juya na kalli baron.

Cif Ladokun ya miƙe, ya naɗe hannun babbar rigarsa. Masu kalangu na biye suna kiran sunayen kakanninsa, mai hoto yana tafiya da baya-baya. Ya iso kusurwa. Ga rami. Ga shebur an ɗaura masa jan ƙyalle. Maigadi ya yaye buhu, ya leƙa baro, ya girgiza buhun, ya leƙa ƙarƙashin baro. Kalangu ya ɗan ci gaba shi kaɗai, sannan ya ji kunya ya yi shiru.

"Mista Oyewusi?" in ji hedimasta, haƙora a haɗe, yana murmushi saboda mai hoto.

"An sace ɗaya, ranka ya daɗe."

Aka ƙirga waɗanda aka dasa. Goma sha biyu, ba wanda aka sace.

"To an haƙa ramin banza ke nan. Su wa suka yi haƙa? 'Yan bencin baya! Moromoke, fito nan!"

Ta fito daga bayan katanga, gwangwanin madara a hannu biyu. Ba gaban Ticha ta durƙusa ba, gaban Cif ta durƙusa ta miƙa masa. Shi kuwa manomi ne kafin ya zama Cif, ya kalli ɗan kashun, ya kalli layin itatuwan, ya kalle ta.

"'Yata, ke kika haƙa wannan?"

"Ni na riƙe igiya, Baba."

"Ramin banza ne?"

Ta kalli ramin. Na ƙirga numfashina, tara. Ticha yana tsaye a kanta, Likita a hammata.

"A'a, Baba. A kan ƙulli yake."

"To tashi ki nuna mini."

Ta koma bakin ƙofa, mutum ɗari da talatin na kallo. Ta dafa itacen farko ta ce ɗaya, ko ni da ke kusa ban ji ba. Biyu, uku. A na biyar aka fara jin muryar. A na tara 'yan bencin baya suka kama mata, da ƙarfin da ba su taɓa yi wa wata lamba ba. Goma sha biyu. Ta taka zuwa kusurwa, ta tsaya a bakin ramin. "Goma sha uku."

"Ticha, kai ma ƙirga mana," in ji Cif. "Kai ne mai biro uku."

Ya ƙirga. Da sauri ya yi, ko ɗaya zai faɗi a hanya. Goma sha uku. Ya tsaya, ya gyara wuyan riga, ya gyara murya.

"Da gangan na yi, ranka ya daɗe, don in gwada ko yaran suna lura. Salon koyarwa ne."

Hedimasta ya fara tafi, don bai san abin da zai yi da hannuwansa ba. Kowa ya tafa. Cif ya dasa kashun da murna, saboda shi kaɗai ne nasa ya bambanta da na kowa. "Su sun dasa ɗaci," ya ce wa mai hoto, "ni na dasa abin da za a ci."

A hanyar gida mun yi taku ɗari bakwai. Sai ta ja mini zane. "Anti, mu koma."

Muka koma, an watse, ana kwashe kujeru. Ta tsaya a itacen farko ba ta ƙirga shi ba. Da ta isa na biyu ta ce ɗaya. Da ta isa na uku ta ce biyu. A bakin kashu ta ce goma sha biyu, ta juyo da ido waje.

"Anti, ashe Ticha ma bai yi kuskure ba. Tafiyar goma sha biyu ce. Tsayuwar ce goma sha uku. Shi tafiya yake ƙirgawa, Iya Agba tsayuwa."

"To tara a ɗebe huɗu fa?"

Ta je ta tsaya a itace na huɗu, ta taka zuwa na tara tana ƙirga tsakani. "Biyar. Tafiya suke tambaya." Ta ɗan yi tunani. "Don me ba wanda ya taɓa cewa tafiya suke tambaya?"

 Ni ma ban faɗa ba, na tsaya zagin kakarta.

Mako biyar ɗin nan, ita aka ba ban ruwan itatuwan, tunda har yanzu 'yar bencin baya ce. Kowace safiya da bokiti a kai take yin lissafinta, daga wannan itace zuwa wancan, gaba tarawa, baya ɗebewa. Amsoshi suka dawo ƙarƙashin layi biyu. Ta fara ɗaga hannu a aji. Sau goma sha huɗu ta ɗaga Ticha yana kallon rufi, a na goma sha biyar ya kira ta, ta ba da amsa, ya duba littafinsa sau biyu ya ce, "Hmm. Zauna." Ta ce a duk yabon da aka yi mata a rayuwa ba wanda ya kai wannan daɗi.

Sittin da uku ta ci.

Baba Romoke ya karɓi takardar, ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Ban gaya muku ba? Tsohon nan na hanyar Saki ya san aikinsa." Alfa ya ce rubutu ba ya gaggawa amma ba ya faɗuwa ƙasa. Maƙwabciyarmu ta koma dutse yin godiya. Ticha ya rubuta da jan biro a ƙasan takardar cewa amfanin lesin ke nan. Ba wanda ya ambaci gwangwanin madara. Akwatin ƙarfe ya koma ƙarƙashin gado, ƙanwar Ibadan ta nemi wata.

Ni na tafi ƙauye na durƙusa gaban Iya Agba na faɗa mata abin da bakina ya ce. Ta saurari labarin duka tana tsince kalwa.

"Wato shekara biyu ana dukan yarinya don ta ƙi ƙirga iskar da ke tsakanin abubuwa?"

"Kusan haka, Iya."

"Allah ya kyauta wa makaranta. Tashi ki wanke mini kalwar nan, ke da kika yi karatu." Kwando uku na wanke.

Romoke ba ta taɓa zuwa ta ɗaya a lissafi ba, har ta gama sakandare tsakanin ta takwas da ta goma sha biyar take yawo. Amma ba ta sake barin ƙasan layi fari ba, kuma ba ta sake ɓoye yatsu ba. Har yau in manomi ya yi mata gardama, ya ce mita ɗari a raba goma ai goma ne, ɗansa na jami'a ya faɗa, sai ta miƙa masa bakin igiya ta ce, "Baba, riƙe, mu taka tare. In goma ne, na goma sha ɗaya a ina zai zauna, a kan ɗan naka?" Cikin darbejiya goma sha biyun, tara sun rayu. Kashun yana nan a kusurwa, da allon ƙarfe mai sunan Cif, yara na jifan 'ya'yansa. Ticha Oyewusi ya yi ritaya, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi a wurin biki sai ya ji labarin yadda ya rage dashe ɗaya da gangan ya farkar da wata yarinya.

In akwai yaro a gidanku da littafinsa ya cika da sifili, ga abin da nake roƙonka. Gobe da rana ka ɗauko littafin, ka rufe jan biron da hannu, ka ba shi tambaya ɗaya ka ce ya yi ta da ƙarfi, yatsu a sama. Ka kama bakinka har ya gama, ko da ka ga ya kauce tun daga yatsan farko, sannan ka tambaye shi wa ya koya masa haka. Minti biyar ne, na auna. Don Allah ka gwada.